Gidan Wagiran Ya Yi Yamma

Kogin da ya ratsa ta kudancin ƙauyen Kalirandu ya daɗe yana gutsurar bayan gidan Wagiran. Kowace damina sai ya ci gaɓa kaɗan, ya koma ya kwanta kamar bai yi komai ba. Bara waccan ya tafi da ayabar bayan gida. Bara ya tafi da makewayi, aka yi sa'a babu kowa a ciki. Ranar da matarsa Lasiyem ta tsaya a ƙofar madafa ta watsa ruwan wanke-wanke, ta ji ya faɗa cikin kogi kai tsaye, sai ta juyo ta ce da mijinta a ɗauke gidan kafin ruwa ya sauka.

Gidan na itacen jati ne, katako mai ƙarfi da nauyi, mahaifin Wagiran ne ya kafa shi da hannunsa, kuma shi kaɗai ya bar masa, in ban da wata tsohuwar fartanya da kunya. Kunyar kuwa ba ƙarama ba ce. Mutanen Kalirandu duka masu jin nauyin juna ne, amma Wagiran ya kere su. An taɓa kawo masa shayi a gidan suna, an zuba gishiri a maimakon sukari. Ya shanye, aka ƙara masa, ya sake shanyewa, ya yi godiya.

A Kalirandu ba a rushe gidan katako don za a ƙaura. Fale-falen yumɓun rufi ake saukewa, a zura manyan gorori ta ƙarƙashin gidan a ɗaure, maza su sa kafaɗa su tafi da shi. Ladansu shinkafa da kaza da taba mai kanumfari. Jagoran aikin kuwa, tun kafin wutar lantarki ta iso ƙauyen, shi ne Mbah Sonto, wato Kaka Sonto, dattijon da ke lissafin ranaku. Shi ke haɗa ranar haihuwar miji da ta mata ya fitar da ranar tashi, shi ke gaba da sanda, shi ke addu'a. Dokarsa ba ta canzawa: gidan da aka ɗaga ba ya taɓa ƙasa sai a mazauninsa, inda kuma ya sauka aka shafa fatiha, nan ya zauna sai wata rana mai kyau ta zagayo.

Wagiran ya je ya same shi a barandarsa, ya zauna a tabarma, ya sunkuyar da kai.

"Ina za a kai shi, Ran?" in ji dattijon.

"Filin Lasiyem, Mbah, wanda ta gada, na wajen..."

"Kai, kai, kai! Ni za ka kwatanta wa filin Lasiyem? Ni na riƙe wa ubanta igiya ranar da aka auna shi. Lokacin kana yawo ba wando."

"Haka ne, Mbah."

"Laraba mai zuwa, wadda ta faɗo ranar kasuwar da ake kira Wage. In ta wuce, sai bayan girbi."

Marigayi mahaifin Lasiyem filaye biyu ya bari. Ɗaya a gabas, bayan masallaci, tudu ne mai bishiyoyin kwakwa. Ɗaya a yamma, gefen magudanar ban-ruwa, wuri mai laka. Da aka zo rabon gado, Mbah Sonto ya ba Lasiyem na yamma, ya ba wanta Ngadimin na gabas. Sai dai Ngadimin makiyayin agwagi ne, agwagi kuwa ba su da abin yi da tudu. Saboda haka wa da ƙanwa suka yi musaya a tsakaninsu, shiru. Duk ƙauyen ya sani. Mbah Sonto kaɗai ba a gaya wa ba, domin ba a sami wanda zai je ya ce masa an gyara rabon da ya yi ba.

Wagiran ya koma gida yana juya maganar a ransa. Kafin ya kai ƙofa ya riga ya lallashi kansa cewa dattijo mai sanin ranar haihuwar kowa ba zai rasa sanin inda agwagi suke kwana ba.

Ranar Laraba da sassafe aka buga gangar itace, maza suka taru. Lasiyem da mata suna can filin gabas tun asuba, sun kafa murhu kusa da duwatsun da Wagiran ya jera, waɗanda ginshiƙan gidan za su zauna a kai. An kwashe komai daga cikin gidan sai wata kaza da ke kwanci a kwandon da aka rataye jikin bango. Duk wanda ya kai hannu sai ta sare shi. Mbah Sonto ya ce a bar ta, alheri ne.

Wagiran ya kama goran gaba ta hannun dama, dab da bayan dattijon, kamar yadda ya dace da mai gida. Surukinsa Ngadimin yana gefensa. A bayansu akwai Paimo mai hawan kwakwa, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a gidan makoki. Mbah Sonto ya ɗaga sanda, aka yi salati, gidan ya yi ƙara ya miƙe a kan ƙafafun mutane.

Farkon tafiyar lafiya lau. Suka baro bakin kogi suka nufi arewa, dutsen yankin mai fitar da hayaƙi yana gabansu, har suka iso gindin babbar ceɗiya inda hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce ta masallaci, wato gabas. Mbah Sonto ya karkata hagu, ko waiwaye bai yi ba.

Rabin ƙafafun da ke ƙarƙashin gidan sun riga sun fara yin dama. Gidan ya yi tangaɗi, kaza ta yi kuka, sannan ƙafafun dama suka haƙura suka bi na hagu. Kowa ya ɗauka mai gida ne ya sake shawara, kuma ba tarbiyya ba ce a tambayi mutum dalilinsa a gaban jama'a.

"Dik, ƙanena," in ji Ngadimin ƙasa-ƙasa, "ina muka nufa?"

"Yamma, Kang, yayana."

"Ni ma ai ina da ido. Me ke yamma?"

"Agwaginka, Kang."

"Ku ƙyale gida ya sha iska mana," in ji Paimo daga baya. "Shekara da shekaru yana kallon kogi ɗaya. Ko ni ne sai na so in ga gari."

Gumi ya keto wa Wagiran, ba na nauyi ba. Ya san filin yamma sarai. Da rani ma laka ce har idon sawu, da damina kuwa magudana tana tumbatsa ta shafe shi. In ginshiƙan jatin mahaifinsa suka sauka a can aka shafa fatiha, can za su jiƙa har bayan girbi, ya zama ya ƙwato gida daga bakin kogi ya miƙa wa magudana. Ya yi gyaran murya.

"Mbah, da alama yau rana za ta yi zafi. Hanyar masallaci kuwa akwai inuwa."

"Allah ya yi maka albarka, Ran, kana tausayin tsoho. Ni da rana mun saba."

Suka wuce gidan mai yin awara, suka wuce rumfar shayi, inda masu shan shayin suka taso da kofunansu suna kallo. Ɗayansu ya buɗe baki, ya hango Mbah Sonto, ya mayar da kofi bakin. Daga nan gidaje suka ƙare, hanya ta zama siririn tudu tsakanin gonakin shinkafa. Can nesa ana hango gonakin rake da titin da motocin birni ke bi. Wani manomi da ke huɗa da ɓauna ya tsaya, shi da ɓaunar suka bi gidan da kallo. Mai tallar kayan miya a babur ya biyo su a baya, ya rasa ta inda zai wuce, ya yi ta danna ƙaho, da ya gaji sai ya kashe babur ɗin ya riƙa tura shi, ya zama ɗan rakiya.

Wagiran ya sake gwadawa. "Mbah, Lasiyem ta yanka kaji. Tana can bayan masallaci tana girki."

"Me ya kai ta can? Yanzu sai ta sha ɗaukar tukwane har yamma. Yarinyar nan tun tana ƙarama haka take, aiki ɗaya sai ta mai da shi biyu."

An ɗan jima, Wagiran ya saki hannu ɗaya, ya nuna gabas da babban yatsa, cikin ladabi. "Mbah, kwakwar nan ta bayan masallaci ta yi 'ya'ya ƙwarai bana. Wurin yana da daɗin zama."

"Ta Ngadimin ke nan. Kai Min, ana yabon kwakwarka ka yi shiru?"

"Na gode, Mbah," in ji Ngadimin da muryar mai ciwon haƙori.

Paimo ya danne dariya, ta koma masa cikin kafaɗa, kusurwar gidan ta riƙa rawa har na baya suka yi masa tsawa.

Suna dab da ƙaramar gadar magudana sai ga Lasiyem a kan keke, zane a ɗaure tamau, ludayi a hannu. Ta sauka, ta rusuna ta gai da Mbah Sonto, ta tambayi ƙafarsa da ke ciwo, ta yi masa sannu da aiki. Sannan ta jingine keken, ta sunkuya ta shige ƙarƙashin gidan, ta jera da mijinta a duƙe.

"Pakne, maigida, ina za ka kai mini gida?"

"Bune, uwargida, yi a hankali, zai ji."

"Ina tsaye ina juya miya, na ɗaga kai na hango gidana yana tafiya kamar zai je ya tari motar birni. Mata suna tambayata ko sakina ka yi."

"Na yi masa magana har na gaji."

"Me ka ce masa?"

"Na ce akwai inuwa a hanyar masallaci."

Lasiyem ta rufe ido ta buɗe. "Inuwa."

"To ke ki faɗa masa mana."

"Ni? Mutumin da ya raɗa mini suna? Kai ne mai gida." Ta juya ga wanta. "Kang, kai fa? Ai kai ka kawo maganar musaya."

"Ni na kawo, ke kika yarda. Da ba ki yarda ba da yanzu muna kan daidai."

"Yu, yaya Lasiyem," in ji Paimo, "kajin nan da ruwan kwakwa kika dafa ko soyawa kika yi? Ina so in san abin da zan mutu a kansa."

Ta ɗaga masa ludayi.

Gadar ta fi gidan ƙunci, sai da na gefe suka sauka cikin ruwa har gwiwa suka ɗaga hannuwa sama. Gidan ya karkata, ƙwai ɗaya ya gangaro daga kwando ya fashe a kan hular wani, kaza ta cika wurin da ƙara. Da suka haye, numfashin maza ya fara fita da sauti, kafaɗu sun yi jawur. Sai ga warin laka da kashin agwagi ya tarye su.

Agwagin Ngadimin suna cikin shingen gora, ba sa ƙirguwa. Da suka ga gida ya nufo su da ƙafafu, suka ruɗe suka yi kusurwa ɗaya suna kuka. Mbah Sonto ya tsaya, ya dogara sanda.

"Min, agwagin wa ke nan a filin ƙanwarka?"

"Nawa ne, Mbah."

"Ba ka ji kunya ba? Ka san yau gida zai sauka, ka bar su a nan? A buɗe shinge!" Ya dubi ƙasa, ya duba hagu da dama. "Ina duwatsun ginshiƙi?"

Agwagi suka ci gaba da kuka.

"Yaran yanzu! To ba komai, rana ba ta jiran dutse. Ku shigo da shi, a sauke a ƙasa, daga baya a sa duwatsun."

Aka buɗe shinge, gidan ya shiga, ƙafafu suna nutsewa suna fitowa da ƙyar. Mbah Sonto ya ɗaga sanda sama. In ta sauko, gidan ya sauka. Lasiyem ta daki ƙaurin mijinta da ludayi.

Wagiran bai san lokacin da ya zame kafaɗarsa daga goran ba. Nauyin ya faɗa wa Ngadimin, ya yi nishi. Wagiran ya rarrafo ya fito, ya durƙusa cikin laka a gaban dattijon, daidai inda ginshiƙin gaba zai sauka. Ya buɗe baki zai ce "Mbah, ka yi kuskure," amma kalmar ta ƙi fitowa. Wata daban ce ta fito.

"Mbah, ina neman gafara. Na tafka babban kuskure."

Sandar ta tsaya a sama. "Wane kuskure?"

"Ni mutum ne mara kai, Mbah. Ban san gabas ba, ban san yamma ba. Na je na jera duwatsun a wancan filin, na bayan masallaci. Na share shi, na daidaita ƙasa, na sa matata ta yi girki a can." Ya ji kamar laifin bai kai nauyin da ake bukata ba, sai ya ƙara: "Har rijiya na haƙa."

A ƙarƙashin gidan Lasiyem ta dafe goshi.

Mbah Sonto ya sauke sandar a hankali, ta gefe, don kada a ɗauka umarni ne. Ya dubi bukkar agwagin, wadda gansakuka ta riga ta rufe rufinta. Ya dubi shingen, wanda gorarsa ta yi baƙi saboda daɗewa. Ya dubi mazan ƙauyensa, ya tarar kowannensu yana nazarin yatsun ƙafarsa. Wagiran ya saci kallonsa, ya ga kunnen tsohon ya yi ja. Nauyin gidan kuwa yana ta danne kafaɗun masu ɗauka.

"Mbah," in ji Paimo da ƙyar, "ba don na katse tunani ba, amma gidan nan jati ne."

"Rufe mini baki!" Dattijon ya juyo kan Wagiran. "Kai kuwa, Ran, ubanka bai taɓa irin wannan shirme ba. Mutum ya je filin surukinsa ya haƙa rijiya! Wa ya taɓa jin haka a Kalirandu?"

"Babu, Mbah."

"Ga abinci a can, ga duwatsu a can, ga rijiya a can. Yanzu me kake so in yi da kai?" Ya yi tsaki, ya shafa gemu. "Min!"

"Na'am, Mbah."

"Za ka iya haƙura ka bar wa wannan sakaran filinka na gabas, kai ka riƙe wannan? Na san an cuce ka, tudu ya fi laka. Amma ka dubi ƙanwarka."

Ngadimin, wanda goran ke neman raba masa kafaɗa biyu, ya yi ƙoƙari ya sa fuskar wanda aka ƙwara. "Da wuya, Mbah. Amma tunda kai ka faɗa, na haƙura."

"Allah ya saka maka. To jama'a ku shaida, daga yau na yi musu musaya. Ba don komai ba sai don kada abinci ya huce. Ku juya!"

Juyawar ce ta gagara. Ga shinge, ga magudana, babu inda gida zai kewaya. A ƙarshe mazan ne suka juya a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, gidan ya koma da baya, madafa a gaba, baranda tana biye. Mai kayan miya ya juya baburinsa ya zama shi ne a gaba. Suka sake haye gada, suka sake wuce manomi da ɓaunarsa, suka sake wuce rumfar shayi, inda masu shayin suka taso suka sa kafaɗa ba tare da sun tambayi komai ba. Mbah Sonto kuwa duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya ba shi labarin wautar Wagiran.

"Rijiya, Pakne?" in ji Lasiyem tana tura kekenta a gefensa. "Duwatsu da girki ba su ishe ka ba?"

"Baki ne ya zarce, Bune."

"To bakin ya haƙo ta kafin mu isa."

Ana kiran sallar azahar suka shiga filin gabas. A nan akwai fili, aka juya gidan ya fuskanci kudu, aka daidaita kowane ginshiƙi a kan dutsensa. Sanda ta sauko. Jati ya haɗu da dutse da wata ƙara mai nauyi wadda Wagiran ya ji har cikin haƙoransa. Aka shafa fatiha. Maza suka zube a ƙarƙashin kwakwa, wasu a rigingine. Wagiran ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana turawa da kafaɗarsa mai ciwo, babu wanda ya motsa.

Mata suka shimfiɗa ganyen ayaba, suka kawo shinkafa mai kurkum da aka tula kamar dutse, da kaji cikin ruwan kwakwa. Aka zaunar da Mbah Sonto a kan tabarma. Ya naɗe hannun riga, ya dubi Wagiran.

"Ran, ɗebo mini ruwa a rijiyar taka in wanke hannu."

Paimo, wanda ya riga ya kai loma baki, ya tsaya da ita a nan. Wagiran ya miƙe, ya ɗauki bokiti, ya dubi filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙasa ce shafe, ko ramin kurege babu. Ya fara takawa a hankali ya nufi bayan gida, bai san abin da zai yi in ya isa ba.

"Dawo, dawo," in ji dattijon, idonsa a kan kaza. "Na tuna, ruwan sabuwar rijiya ba ya yi wa tsoho kyau. Yem, zubo mini na tulu. Wani satin in zan wuce masallaci na leƙo in ga rijiyar."

Washegari, tun raɓa ba ta bushe ba, Wagiran ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan gida, ya zana da'ira a ƙasa ya fara haƙa. Ngadimin ya zo wucewa da agwaginsa, ya tsaya ya leƙa ramin, wanda bai kai gwiwa ba.

"Dik, ka yi sauri. Jiya da yamma na ji Mbah yana gaya wa liman wai ruwan rijiyarka garai-garai ne."